Tambaya Ɗaya Aka Yi Mini

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ba a ɗauki kunyar ɗan fari da wasa ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina yaron nan?" In muna zaune a tabarma ɗaya yana son in je gona, sai ya dubi ƙanensa, Baffa, ya ce, "A ce masa ya je ya juya ruwan can." Ni kuwa ga ni nan dab da gwiwarsa, na ji komai, amma sai na jira Baffa ya maimaita kafin in miƙe. Inna ma haka take, in baƙuwa ta yabe ni sai ta kau da kai ta shiga faɗa da kaji. A lokacin ban ga aibin abin ba, don haka ake yi wa kowane ɗan fari a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure.

Duk arzikinmu gona ɗaya ce ta gado, a bakin babban kanal, inda ruwa yake fara sauka kafin ya gangara wa na ƙasa. Da damina shinkafa, da rani tumatir da alkama. Irin gonar nan ce da in mai ita ya yi tari da safe, kafin azahar an zo tambayar ko zai ba da jingina. Jingina kuwa kowa a wajenmu ya san ta: ka karɓi kuɗin mutum, shi ya riƙa noma gonarka, ba za ta dawo hannunka ba sai ran da ka mayar masa.

A kanal ɗin nan na ɗauko son likitanci. Muna yara kullum muna cikinsa, kuma kusan dukkanmu fitsarinmu da jini. Har alfahari muke yi, wai alamar an fara zama namiji ce. Sai wata rana aka turo wani likita makarantarmu, ya ɗebo 'yan katantanwa daga bakin ruwa a tafin hannunsa, ya ce ga inda tsargiya take kwana. Ya ba mu ƙwayoyi masu ɗaci, jinin ya ɗauke. Tun daga ranar ban sake sha'awar zama komai ba. Ban gaya wa kowa a gida ba, amma duk wanda ya ga yadda nake cin littafi ya sani.

Da na gama sakandare, ƙofa biyu ta buɗe mini. Jami'ar gwamnati a cikin Kano ta ɗauke ni, amma ba likitanci ta ba ni ba, Bayoloji ta ba ni. Kuɗinta ba ya ɗaga hankali, tumatirin rani ɗaya ya biya har da canji. Wata jami'a mai zaman kanta a nesa kuma ta ba ni likitancin kai tsaye, sai dai kuɗinta ko a bakin dillalin tumatir na Kadawa ka ji shi sai ka nemi wurin zama. Babu yadda za a yi sai an jinginar da gonar bakin kanal. Na sani, Baba ya sani, har akuyar gidanmu ina jin ta sani.

Masana suka yi ta kawo shawara ba a tambaye su ba. Babbansu mai kemis ɗin bakin kasuwa ne, wanda bai taɓa taka ƙofar jami'a ba amma ya fi shugabanta sanin dokokinta. Ya ce, "Ai abu ne mai sauƙi. Ka shiga Bayolojin, ka ci maki, shekara na zagayowa su mayar da kai likitanci. Kowa haka yake yi." Ban tambaye shi ko wane ne kowan ba.

Ranar da aka yanke maganar ina gona bayan la'asar, ina ware tumatir mai tabo daga kwanduna. Baffa ya zo ya tsuguna a kan kunya, ya ɗauki guda ɗaya yana juyawa.

"Babanka ya ce in tambaye ka. Cikin biyun nan wacce kake so?"

Amsar tana bakina, har ɗaci take mini. Amma an yi mini tarbiyya, kuma tarbiyyar ta kama. Yaron kirki ba ya buɗe baki ya ce a jinginar da gonar kakansa saboda shi. Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, ta Kanon ma ai ta isa. Kada a takura."

Ga abin da nake jira. A wajenmu ko baƙo aka ajiye wa tuwo ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, ba a ɗauke kwanon. Sai an ce, "Haba, taɓa dai." Ya sake ƙi, a sake matsawa, sannan ya wanke hannu. Na ɗauka maganata ta farko ita ce alhamdu lillahin. Na shirya tsaf in Baffa ya ce, "Kai, faɗi gaskiya," in ce to, in dai da hali.

Baffa ya jefa tumatirin cikin kwando ya miƙe. "Madalla. Allah ya yi maka albarka, ka hutar da mu." Ya kakkaɓe rigarsa ya bi bakin kanal ya tafi, ni kuma na bi bayansa da ido har ya sha kwana.

Na yi ta jira a kwanakin da suka biyo baya. Duk sallamar da na ji a zaure sai in ce Baffa ne aka sake turowa. Abin da kawai ya canza shi ne Inna ta fara aiko mini da tsoka biyu a miya maimakon ɗaya. Labari kuma ya zaga ƙauye cewa ɗan gidan wane ya tausaya wa ubansa. Dattawa suna tsayar da ni a ƙofar masallaci suna shafa mini kai. Wallahi ban taɓa tsanar yabo irin na lokacin ba.

Na tafi Kano na yi abin da mai kemis ya ce. Na yi karatu kamar zan haukace, na ci makin da ake nema har da ɗori. Da na je neman canjin sai aka ce babu gurbi, in dawo baɗi. Baɗi aka ce ai na riga na yi nisa. Haka na gama Bayolojin da ban nema ba, na yi bautar ƙasa, na samu koyarwa a wata sakandare wajen Madobi. Yanzu ina zana zuciyar ɗan'adam da alli a kan allo, in goge da tsumma in an kaɗa ƙararrawa. In na je gida tsofaffi suna kawo mini takardar asibiti in karanta musu, suna ce mini "Likita". Ba da mugunta suke yi ba, shi ya sa ma ya fi zafi.

Ina da ƙanwa, autarmu. Ita babu kunya tsakaninta da kowa, a gefen Baba take cin abinci, har hularsa take cirewa ta sa. Da nata lokacin ya zo, ƙofofi biyun nan dai suka buɗe mata. Ba ta jira an turo Baffa ba. Ta zauna a tsakar gida ta fashe da kuka, ta ce ita likita za ta zama ko a bar ta ta zauna a gida. Kafin a kwashe alkamar shekarar, gonar bakin kanal ta koma hannun wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Kura.

Ban yi mata baƙin ciki ba, Allah ya sani. Amma na kasa haɗiyewa, na tare Baffa na ce, "Ashe dama gonar tana jinginuwa?"

Ya dube ni da mamaki. "Ai wannan Alhajin tun lokacinka aka yi magana da shi, har an daidaita. Babanka ne ya ce ba zai zama shi ya fara ba, kada gari ya ce ya rasa kunya, ya ba da gonar gado a kan ɗan fari. Ya ce in kai ka nema da bakinka, shi ke nan ya samu abin faɗa wa mutane. To ka ce ta Kano ta isa."

"Baffa, me ya hana ka gaya mini? Me ya hana ka sake tambayata?"

"Aike aka yi ni in tambaya, na kuwa tambaya," in ji shi. Ko a jikinsa.

Na so in je in tsaya a gaban Baba in yi ihu. Amma ta ina zan fara? Mutumin da ban taɓa yin hirar da ta wuce gaisuwa da shi ba, ranar farko sai in fara da tuhuma? Na je zauren, na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango kamar kullum. Sannan ya ce wa Baffa a gaya wa yaron nan shi zai raka auta makaranta, tunda ya san kan jami'a.

Na raka ta. A mota tana ta zuba, tana lissafa mini abin da za ta saya in ta fara aiki, da yadda za ta fanso gonar. Can sai ta juyo ta ce, "Yaya, wai da gaske kai ba ka son likitanci? Baba ya ce har yau abin yana damunsa. Ya ce ya shirya maka komai, kai ne ka ce ba ka so."

Motar cike take da mutane, ga wata mata da buhun albasa a kan ƙafata. Ban damu ba. Na ce, "Ina so. Tun ina yaro nake so, kuma har gobe ina so."

Shi ne karo na farko da na faɗe shi da bakina, kuma na faɗa wa yarinyar da ba ta da abin da za ta yi mini. Sai ta ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?"