Ɗinkin Fason da Kyauta Ta Kwance

Ban riski Kyauta ba. Ita ta haifi kakata Larai, kuma daga bakin Larai na ji abin da zan rubuta nan, sau da yawa, har na ga gara in sa shi a takarda tun tana da ƙarfin gyara mini inda na kauce.

A Tursa Kyauta ta zauna, ƙasar Rabah, kuma sana'arta ɗinkin faso. Idan na faɗa wa ƙawayena haka sai su ɗauka wasa nake, don su man shafawa na kwalba suka sani. A wancan zamani manomi ba ya sa takalmi sai da dalili. Da ɗari ya shigo fata ta bushe, kaushi ya taru a diddige, sai diddigen ya tsage. Wani fason ƙarami ne, a shafa man kaɗe kwana biyu ya rufe. Wani kuwa sai ya buɗe har tsakuwa ta shiga ta zauna, mutum ya riƙa tafiya a kan yatsu kamar mai sanɗa. Irin wannan ake kawo wa Kyauta.

Takan jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ta goge kaushin da tsingaro, ta fere bakin fason da aska. Sai ta narka man kaɗe ta ɗiga a ciki da zafinsa, ta ɗauko allura da zaren da ta kaɗa da hannunta ta murza shi da kakin zuma, ta haɗe bakin tsagar. A matacciyar fata allurar ke bi, saboda haka babu zafi, ko da yake an ce manyan maza sun sha yin salati tun kafin ta zura zaren. Bayan mako guda zaren ya cinye da kansa, ƙafa ta haɗe.

Mata a tsakar gida take yi musu. Maza kuwa, da yake matar aure ce, akwai wata kafa a ƙasan dangar gidan. Mutum ya zauna a waje ya zuro ƙafarsa, ita tana ciki tana aiki. Larai ta ce babu magidancin Tursa da Kyauta ba ta sani ba, amma da diddige. Sai ta kama ƙafa ta ce, "Baba Tambari, bara na ce ka bar shiga ruwa da asuba," daga waje a ji an yi gyaran murya.

Mijinta Attahiru albasa yake nomawa a fadama. Da safe yana cikin ruwan ban-ruwa, da hantsi iska ta busar da shi, saboda haka duk garin babu mai ƙafa irin tasa. Kowace shekara da diddigensa take buɗe aiki. Mutane kan duba tafiyarsa a hanyar masallaci: idan ya daina ɗingishi, sun san Kyauta ta fito da allura.

A shekarun da ake yaƙin duniya na biyu aka zo da ɗiban gwamna, wato a ɗebi maza ƙarfafa daga kowane gari a kai su haƙar kuza can Jos. Waɗanda aka ɗiba da farko wasu sun dawo da tari, wasu ba su dawo ba, an ce sanyin can ba irin namu ba ne. Da ɗari ya kama sai aka aiko za a sake ɗiba, kuma sunan Attahiru na ciki. Nan da kwana shida za a tara su a Rabah, wani malamin asibiti ya duba su, don tafiyar ƙasa ce mai nisa kafin a kai inda jirgin ƙasa yake. Wanda ƙafarsa ba za ta kai shi ba, a mai da shi gida.

Kwana biyu ke nan da Kyauta ta ɗinke masa diddigen dama. Larai ta ce, a faɗar Kyauta, ɗinki ne da ba ta taɓa yin mai kyansa ba.

Attahiru ya shigo da hantsi ya faɗa mata sunansa ya fito. Ta gama tankaɗen da take yi, ta karkaɗe hannu, ta ce, "Malam, miƙo ƙafar."

Ya miƙa. Ta ɗauko aska.

"Ke, mi za ki yi?"

"Kwancewa za ni yi."

"Ɗinkin da yak kama? Jiya-jiya nis samu na taka ƙasa kamar ɗan Adam!"

"Shi na dalili. Tsaya wuri guda."

Ta tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya ta zare. Daga ranar ta ɗauke tukunyar man kaɗe ta kai gidan maƙwabta ajiya, don ta san halinsa. Ta ce ya ci gaba da shiga ruwa da sassafe, idan ya fito kada ya goge, ya zauna inda iska ke bugawa. Duk abin da ta shekara goma sha tana hana mutanen Tursa, shi ta sa mijinta ya yi, a jere, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A kwana na huɗu fason ya buɗe har yatsa na shiga, yana tsattsafar jini. Attahiru yana cin tuwo yana huci. Ita kuma tana zaune nesa da shi, ta zauna a kan hannuwanta don kada su kai ga allura.

Ana gobe za su tafi ta duba ƙafar, ta ga abin da ba ta yi tunani ba. Ramukan allura na nan, layi biyu, a jere reras a bakin tsagar. Duk mai ido zai gane an ɗinka an kwance. Idan kuwa aka gane da gangan ne, tafiya ba fashi, ga bulala a kai.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "In anka tambaye ka, ka ce ni niɗ ɗinka, bai kama ba, yab ɓalle da kainai."

"A gaban mutane?"

"Da ƙarfi za ka faɗi, kowa shi ji."

"Kyauta, ba ki taɓa ɗinki yab ɓalle ba."

"To yau ya ɓalle."

A Rabah aka jera su a gindin wata tsamiya, mutanen Tursa da na Gandi da na ƙauyukan kewaye. Malamin asibitin yana bi yana cewa a ɗaga ƙafa. Da ya zo kan Attahiru ya durƙusa, ya daɗe.

"Wagga ƙafa an ɗinke ta. Wa yaɗ ɗinka?"

"Iyalina, ranka shi daɗe."

"Ina zaren?"

"Bai kama ba. Kwana biyu yab ɓalle." Sai ya tuna an ce da ƙarfi, ya ƙara da cewa, "Hannunta ya lalace bana, ranka shi daɗe. Duk abin da tat taɓa sai shi ɓalle."

Wannan na ƙarshen ba ta ce ya faɗa ba. Shi ya ga ya kyautata aikin.

Malamin ya danna gefen tsagar, Attahiru ya yi ƙara ta gaskiya. Aka ce ya koma gefe. Da la'asar ya iso gida a kan jakin aro.

Maganar ta riga shi isowa. Tun da mijinta da bakinsa ya faɗa, a gaban hukuma, ba wanda ya yi musu. Mata suka riƙa shigowa yi mata jaje, wata ta ce ko sammu ne, wata ta kawo mata rubutu ta sha. Ta sha. Masu faso suka koma wurin wata Tani a Gandi, wadda ɗinkinta, in ji Kyauta, ko buhun gero ba zai riƙe ba. Sai ta ga mace ta wuce tana ɗingishi da ɗinkin Tani, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kaɗi. Ba ta iya cewa komai, don ɗiban bai ƙare ba, kuma magana ɗaya ta isa a dawo da sunan Attahiru. Ko ƙafarsa ma ba ta yarda ta ɗinke ba sai da bazara ta kusa, kuma zuwa lokacin tsagar ta ci nama, ba ta sake haɗewa daidai ba.

Da aka daina ɗiban, mutane sun riga sun saba da hanyar Gandi. Kaɗan suka dawo, yawancinsu tsofaffi. Kyauta ba ta bi gida-gida ta wanke kanta ba, don a cikin gidajen nan akwai waɗanda ta ɗinke wa maza ƙafa da kyau suka taka har inda aka kai su. Larai kanta sai da ta yi haihuwa ta uku sannan uwar ta faɗa mata, suna tsinkar yakuwa.

Attahiru ya yi shekara talatin da ɗaya bayan haka, a ɗakinsa na Tursa ya rasu. Yana ɗingishi har ƙarshe. Duk ɗari idan ƙafar ta motsa sai ya dube ta ya ce, "Aikinki na wanga." Ita kuma ta ce, "Ƙwarai kuwa, Malam."