Baba Zadok da Kwalbarsa ta Gwajin Yashi

Tun kafin rana ta yi zafi, mutanen Gwadabawa a Jimeta sun saba ganin wani siririn dattijo yana turo kekensa daga gida, ya naɗe ƙafar wandonsa na kaki, ya ɗaure jaka a bayan sirdi. A cikin jakar akwai tef na awo, da ƙullin gishiri da mai ɗakinsa Keturah take ɗebar masa, da wata farar kwalba wadda babu komai a cikinta. Wannan shi ne Baba Zadok, mai duba gine-ginen gwamnati, wanda zai yi ritaya a ƙarshen watan nan bayan shekara talatin da ɗaya yana aiki.

Da aikin birkila ya fara tun zamanin En'e. Bayan samun 'yancin kai aka ɗora shi a kan 'yan kwangila: duk ginin da gwamnati ta bayar, aji ne ko gada, ba a karɓarsa sai ya sa hannu. In ya isa wurin aiki ba ya fara kallon bango. Sai ya gaisa da kowa, ya nufi tulin yashi, ya zuba rabin kwalba, ya ƙara ruwa da ɗan gishiri, ya girgiza, ya ajiye a inuwa. In ta kwanta, yashi yana ƙasa, laka tana sama. Muddin lakar ta fi kaurin fensir, yashin nan ba zai shiga ginin gwamnati ba.

Leburori sukan tsokane shi: "Baba, yau ma an kawo maganin?"

Shi kuwa ya ce, "An kawo, ɗana. Na ginin da bai riga ya kamu da ciwo ba ne."

Shekara biyu da kafa Jihar Arewa maso Gabas, aka ba Alhaji Haladu kwangilar gada a kan wani rafi da ke raba manoman Namtari da kasuwar Yola duk damina. Lokacin ana yaƙi, siminti ya yi wuya. Yashin kirki kuwa da rani ake ɗibarsa a cikin Binuwai, domin da kogi ya cika sai ruwa ya rufe shi. Alhaji bai tara isasshe ba. Da nasa ya ƙare, sai ya sa tifa ta riƙa kwaso na bakin fadama, wanda a ido ba ka raba shi da na kogi. A makon da aka tura Baba Zadok duba wani aiki, aka zuba ginshiƙai biyu da shi.

Bobboyi, shugaban birkiloli a aikin, yana wurin ranar da dattijon ya dawo. Ya ce da kwalbar ta kwanta, laka ta kai kaurin yatsa biyu.

Alhaji ya ce, "Haba Malam Zadok, yashi ai yashi ne! Binuwai ta shanye na kirki. In yi nitso in tono maka?"

"Alhaji, siminti ba ya kama laka. Ginshiƙan nan biyu sai an fasa su."

"Ka san wahalar da na sha kafin in sami simintin da ke cikinsu?"

"Na sani, wallahi ina jin zafinsa. Amma a fasa."

Ga shi an riga an sa ranar buɗe gada, manya za su zo daga Maiduguri. Bayan kwana uku wani babba ya iso a mota, ya kira Baba Zadok gefe, amma kowa ya ji abin da ya faɗa: ko ya sa hannu, ko ya haɗa kayansa. Baba Zadok ya cire hularsa, ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, kayana ba su da yawa. Amma matan Namtari ne za su bi ta kan gadar nan da goyo."

Bai tsaya a kan ƙi kawai ba. Da aka fasa ginshiƙan, ya sa aka tsaga durom-durom biyu, ya shiga rafi har gwiwa, ya nuna wa leburori yadda ake wanke yashi, ana juyawa ana tsiyaye ruwan laka har ya fito fes. Wata biyu aka ƙara a kan aikin. Ranar buɗewa ta wuce, manya suka yi fushi. Baba Zadok ya sa hannu ranar Talata, ranar Alhamis takarda ta iso: an mayar da shi can ƙuryar arewacin jiha. Shekara biyu ya yi a can, Keturah tana Gwadabawa ita kaɗai da yara biyar. Ba a taɓa jin ya kai kuka wurin kowa ba.

Daminar da ta biyo bayan gama gadar, ruwa ya zo irin wanda tsofaffin Namtari suka ce sun daɗe ba su gani ba. Kwana uku yana bi ta saman gadar, yana jifan ta da kututture. Da ya janye, gada tana nan, ƙarfen gefe ɗaya ne kawai ya lanƙwashe. Guntun tsohon ginshiƙin da aka yar a bakin rafi kuwa, Bobboyi ya ce Alhaji Haladu ya sa hannu ya ɓantaro shi kamar katangar ƙasa. Ya daɗe yana kallon abin da ke tafinsa. Yau duk wanda ya leƙa motar Alhaji zai ga kwalba a gaba, kuma da bakinsa yake cewa, "Malam Zadok ne ya koya mini kwangila, bayan na yi shekara goma ina yin ta."

Baba Zadok, kai ne mai hannun da ba ya sauka a takarda sai ido ya gamsu. Kai ne ka yarda ka yi nisa da 'ya'yanka domin 'ya'yan wasu su ƙetare rafi lafiya. Babu sunanka a allon da aka kafa a bakin gadar, kuma matan da ke wucewa da kwandunan kuɓewa da gyaɗa ba su san ka ba. Mu da muka sani muna gode maka a madadinsu, muna gode wa Mama Keturah da ta riƙe gida. Allah ya ba ku hutu mai daɗi da tsawon rai.

Ku kuma samarin da za ku gaje shi, jihar nan tana da sauran gadoji da makarantu da yawa da za ta gina, kuma da sa hannunku za a karɓe su. Baba ya ce ranar ban kwana zai bar kwalbarsa a kan tebur. Kada a sa ta a kabad don tarihi. Wani ya ɗauka, ya nemi gishiri, ya tafi wurin aiki.