Takin Uwaisu da Gonar Makaranta

Uwaisu mutumin wani ƙauye ne kusa da Tsanyawa, inda gonaki suke manne da juna, kana fita daga taka ka faɗa ta maƙwabci. Gonarsa ɗaya ce, ta gado. Ƙasar wurin ba ta samun hutu, don haka wanda bai zuba taki ba, wahala kawai ya shuka. Farin da aka yi a shekarun yunwa ya kashe masa tumaki, ya bar shi da awaki uku da jaki. Abin da ke taruwa a turkensu shi ne dukiyarsa. Da kansa yake sharewa, ya haɗa da toka, ya tara a bayan ɗaki.

Ana cikin haka gwamnati ta buɗe firamare, mai unguwa Dabo ya bi gida-gida yana ɗaukar yara. Aka ɗauki Ja'afaru, babban ɗan Uwaisu. Shi uban sammako yake yi zuwa ƙwadago don a samu na tuwo, saboda haka da rani Ja'afaru ke kora jaki da mangalar taki zuwa gona. Kafin ya dawo an buga ƙararrawa.

Hedimasta, Malam Nababa, yana da doka: wanda ya makara, gobe ya zo da kwandon taki don gonar makaranta. Uwaisu bai sani ba, sai dai ya ga tarinsa yana raguwa, gonarsa kuwa ba ta cika ba. Har ya fara zargin maƙwabta, ran nan ya kama yaron da kwando a ka.

Bai je aiki ba, ya wuce makaranta.

"Malam, yaro ya yi laifi, ko?"

"Ya yi. Kullum a makare."

"To ga shi nan, ka zane shi. Ni ubansa na yarda. In ba ka da tsumagiya in karyo maka."

Malam Nababa ya ce mai duba makarantu ya hana shi dukan yara, ya ce a riƙa ba su horo mai amfani.

"Mai amfani ga wa? Shi ya makara, ni ake horo! Awakina ne suka makara?"

"Baba, doka ce."

"To ba ni ɗana in tafi."

"Wannan kuma sai mai unguwa."

Dabo yana zaune a zaurensa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Uwaisu, ka cire shi yau, gobe ni za a kira gaban hakimi. Kana so a tuɓe ni a kan kashin akuya?"

"Kashin akuyar nan shi ne geron da za mu ci. Ɗa nawa, taki nawa, amma ba ni da ta cewa ko a ɗaya?"

"Ka yi haƙuri."

Damina ta zo. Geron Uwaisu ya fito rawaya-rawaya, rabin gonar ko zangarniya mai kyau bai yi ba. Na makaranta kuwa ya fi mutum tsawo. Mai duba makarantu ya zo ya gani, ya sa aka tara iyaye domin su koyi noman zamani. Uwaisu ya tsaya cikin rana ana nuna masa yadda ake zuba taki. Da aka tambaya ko akwai mai magana, ya ce, "Takin nan na san shi, ranka ya daɗe. Mun kwana gida ɗaya." Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba.

Ana gama girbi ya tumɓuke turke daga gida, ya kafa shi a tsakiyar gona, ya yi bukkar kara a gefe. Awaki suna zubar da takinsu inda ake bukata, in wuri ya ji, ya matsar da turken gaba. Babu tari a bayan ɗaki, babu mangala da safe, Ja'afaru ya daina makara.

Malam Nababa ya gamu da shi a kasuwa, ya ce, "Ka gani, Baba? Horo ya yi aiki."

Uwaisu ya ja jakinsa ya wuce. Har tsufansa a gona yake rani tare da awakinsa, ba su sake kwana a gida ba sai in shuka ta fito.