Durowar Mai Awo

A kamfanin kayan ɗakin da take aiki, ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka. Mai Awo ake ce mata, tun daga manaja har maigadi, domin ba ta rabuwa da tef ɗin awo. Idan ta zo gidanka gaisuwa, kafin ka kawo mata ruwa ta riga ta auna faɗin ƙofarka da ido, kuma in kunya ba ta riƙe ta ba sai ta zaro tef ɗin ta tabbatar. Ƙaninta kan tsokane ta cewa ko mijin aure aka kawo mata, sai ta fara auna kafaɗarsa ta ga ko zai shiga ɗaki.

Aikinta zane ne. Ita ke tsara yadda gado ko kujera za su kasance tun suna kan takarda, kafintoci su bi. Masu ganin aikin daga nesa suna zaton kwalliya ce kawai, a zauna a ƙarƙashin fanka ana jan layi da fensir. Ita kuwa cewa take yi mai zane ɗan sasanci ne. Ɗaki yana son abu ƙarami, kaya suna son abu babba, katako yana da iyakar abin da zai jure, kuma duk wanda ka ba haƙƙinsa sai ka tauye wani. Gwanintar ita ce ka san wanda za ka tauye bai yi kuka ba.

A ɗakin haya ta tashi, ita da iyayenta da ƙannenta a ƙuntace. Tana ƙarama suka yi ƙaura zuwa wani gidan bene, ƙatuwar durowar mahaifiyarta ta ƙi bin kwanar matattakala. Aka juya ta, aka kwantar da ita, aka yi gumi, a ƙarshe aka kira kafinta ya raba ta biyu da zarto a bakin titi, uwar tana tsaye ta kau da kai. Wannan abu ya tsaya wa yarinyar a rai. Da ta girma ta yi karatun zane, ba ta da burin da ya wuce ta yi kayan da za su shiga ɗakin talaka ba tare da an zubar da hawaye ba.

Durowa mai aljihu biyar ita ce abin alfaharinta. Ta yi ta doguwa siririya don kada ta cinye filin ɗaki. Ta zaɓi katako mara nauyi don mata biyu su iya hawa bene da ita. Aljihunan kuwa da ɗan yatsa ake jan su, su zo salin-alin, domin ta sha ganin mata suna kokawa da aljihun da ya cije. Har ƙafafun ta ɗan tura ciki don kada mai wucewa ya yi tuntuɓe. Kafin a fara sayarwa ta wahalar da kafintoci ba kaɗan ba. Ta sa an cika aljihunan da yashi, an buɗe an rufe har hannu ya gaji, an ajiye samfurin a ɗaki mai laima a ga ko zai kumbura. Babban kafinta, dattijo mai haƙuri, ya ce mata, "Ranki ya daɗe, saura ki sa mu tambaye ta karatu."

Durowar ta karɓu. Ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba, ba a taɓa kawo ƙorafi ba, manaja kuma yakan faɗi haka a gaban baƙi, ita tana sunkuyar da kai tana jin daɗi a ɓoye. Samfurin farko, wanda ta fi so, ƙaninta ta ba lokacin da matarsa ta haihu. Sunan mahaifiyarsu aka sa wa jaririyar, saboda haka kowa Mama Ƙarama yake ce mata. Mai Awo ba ta da ɗa nata, kuma ba ta ɓoye cewa yarinyar nan ce hasken idonta.

Wata rana da hantsi ta je auna kicin a gidan wata mata mai 'ya'ya uku. Tana wucewa ta ƙofar ɗakin kwana ta hango durowarta, sai ta nemi izini ta leƙa, kamar yadda uwa kan leƙa ɗanta a makaranta. A kan kafet mai laushi take tsaye, an ɗora mata talabijin a ka. Gaban aljihun ƙasa ya yi dauɗa ya ɗan saki, na biyun ma haka.

"Me ya sami waɗannan biyun?" in ji Mai Awo.

Matar ta yi dariya. "Yaran nan ne, 'yar'uwa. Alawa da magani nake ɓoyewa a na sama don kada hannunsu ya kai. Su kuma sai su jawo na ƙasa su taka, su jawo na biyu su taka. Kin san yaro, ba a raba shi da dabara."

Mai Awo ta matsa kusa da durowar. Ta durƙusa ta jawo aljihun ƙasa, ya zo da sauƙin nan da take taƙama da shi. Ta jawo na biyu. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kai ta danna kaɗan, abin da bai kai nauyin ɗan yaye ba. Durowar ta rabu da bango ta sunkuyo, talabijin ya zamo, da ƙyar ta tare shi da kafaɗa.

"Innalillahi!" in ji matar.

A wurin gwaji, a kan siminti durowar ta tsaya, kanta ba komai, kuma aljihu ɗaya ake buɗewa a lokaci guda, domin haka babba yake yi. Manya ne suka gwada ta. Ba wanda ya taɓa tunanin a jawo aljihu a taka shi, har da ita da ake biya don ta yi tunani.

"Don Allah ki sauke talabijin ɗin nan yanzu," ta ce. "Ki kulle ɗakin. Kada yaro ya shiga sai na turo kafinta ya kafe ta a bango."

Ba ta auna kicin ba. Tana saukowa matattakala tana kiran matar ƙaninta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Ta kira ƙanin, aka ce wayarsa a kashe take, ta tuna ba a barin su da waya a wurin aiki. Mama Ƙarama ta shiga shekara ta uku, kuma ba abin da ba ta hawa. Ranar ƙarshe da Mai Awo ta je gidan, a kan hannun kujera ta tarar da ita tana miƙa hannu ga labule, har ta yi mata tafi tana cewa uwata jaruma ce.

Ta tare tasi ta faɗa ciki ba tare da ta yi sallama ba. A mahaɗar kasuwa suka tarar da cunkoso, wata babbar mota ta lalace ta tare rabin hanya. Direban ya kashe inji ya soma ba ta labarin yadda gari ya lalace. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ɗakin ƙaninta take gani: kafet ɗin da ita da kanta ta taya su zaɓa, madubi da kwalaben turare a kan durowar, da gwangwanin biskit ɗin da ake ajiyewa a aljihun sama. Duk abin da ta yi don kyautatawa sai ya dawo mata da wata fuska. Siririntar da ta sa durowar ta shiga lungu ita ta hana ta gindin tsayuwa. Rashin nauyin ya sa yaro zai iya rinjayarta, amma ba ta yi sauƙin da ƙirjin yaro zai ɗauka ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, har ta kasa haɗa addu'a, sai "Ya Allah, Ya Allah" kawai take maimaitawa.

"Hajiya, lafiya kuwa?" in ji direban, yana kallonta ta madubi.

"Buɗe min ƙofa."

Ta sallame shi ta fita da ƙafa, tana ratsa tsakanin motoci, jakarta na dukan cinyarta. Mace mai kamun kai da ba a taɓa ganin ta ɗaga ƙafa ba, ga ta tana gudu a titi mutane na juyowa. Da ta kai gidan, hawa na uku ya yi mata nisa kamar ba za ta kai ba. Ba ta jin kukan kowa daga sama, kuma ta rasa ko shirun alheri ne.

Matar ƙanin ta buɗe ƙofa da kumfar sabulu a hannu. "Yaya! Ke ce da rana haka? Wanki nake a baya, ban ji..."

"Ina Mama?"

"Tana barci. Me ya faru?"

Mai Awo ta wuce ta zuwa ɗakin. Yarinyar na kwance a tsakiyar gado, ta yi ɗai-ɗai, cikinta na hawa yana sauka. Mai Awo ta tsaya tana kallon cikin nan, sannan ta zauna a bakin gadon. Sai a lokacin ta dubi durowar. Tana nan a inda take, amma ba madubi a kanta, an lulluɓe ta da wani mayafi. Ta miƙa hannu ta yaye. Gefen saman ya tsage, gaban aljihu biyu ya karye an manne da gam.

Matar ƙanin ta sunkuyar da kai a bakin ƙofa. "Wallahi, Yaya, kunya ce ta hana mu faɗa miki. Makon jiya ne. Yarinyar nan ta hau, abin ya kifo. Allah ya sa bakin gado ya tare, a ƙarƙashi muka zaro ta, goshinta kawai ya fashe. Kyautarki guda, ta lalata. Babanta ya ce mu gyara tukuna kafin ki gani. Amma na zane ta sosai, ba za ta ƙara ba."

"Kin doke ta?"

"To, ya zan yi? Ba ta ji. Ai gara ita. Ta maƙwabciyarmu ta ƙasa, wadda ta gani a nan ta saya, a kan ɗanta ta faɗo, har yanzu hannunsa a ɗaure yake. Shi ma ɗan banzan ƙiriniya gare shi."

"Ba ta kai ƙara kamfani ba?"

Matar ta dube ta da mamaki. "Ƙarar me, Yaya? Ta je ta ce ɗanta ba ya jin magana?"

Mai Awo ta sake duban durowar. Ashe shirun da manaja ke yabo ke nan. A kowane ɗakin da durowar ta faɗi, an sami mai laifi a take, ɗan ƙarami wanda ba ya iya musu, aka hukunta shi aka rufe maganar. Ɗakuna nawa ne, a waɗanne unguwanni, a hawa na nawa, ba ta sani ba. Tsoron da ya sake ta ɗazu ya dawo ya zauna daram.

Maganarsu ta tashi yarinyar. Ta tashi zaune tana murza ido, filasta a gefen goshinta. Da ta ga wadda ke zaune kusa da ita, maimakon ta faɗa jikinta kamar kullum, sai ta dubi durowar da aka yaye, ta ja baya ta manne da bango.

"Zo mana, uwata," in ji Mai Awo.

Yarinyar ta girgiza kai. "Gwaggo, ki yi haƙuri. Na ɓata miki durowa."

"Yauwa," in ji uwar. "Haka ake cewa."

Mai Awo ta juya ga durowar. Ta tashi ta zare aljihunan ɗaya bayan ɗaya ta jera su a gefe, 'yan rigunan yarinyar na zubewa. Ta rungumi durowar ta kwantar da ita a ƙasa, matar ƙanin na cewa, "Yaya, me kike yi haka?" Sannan ta hau gadon da gwiwa, ta kama 'yan hannuwan nan biyu, hawaye na zubo mata.

"Ba ke ba ce, Mama," ta ce. "Kin ji? Ba ke ba ce."

Yarinyar ta leƙa fuskar uwarta don ta ga ko gaskiya ne.