Dabinon Hajiya da tsakar rana

Ban taɓa son kyanwa ba sai da na zo Alƙahira. A gidanmu na Zariya, mage aikinta kama ɓera, ba a shafa ta, balle a kai ta asibiti. Wannan kuwa gadonta na yi: ɗalibar da ta riga ni zama a ɗakin da na kama a unguwar Hay el-Sabi' ta gama karatu ta koma gida, ta bar mini katifa, tukunya, da wata farar kyanwa mai kallon raini. A shekarar farko, lokacin da Larabcin Masar yake wuce ni kamar mota, ita kaɗai nake yi wa Hausa in na dawo. Ba ta taɓa gyara mini magana ba.

Da ta fara ramewa, tana shan ruwa kamar raƙumi, likitan dabbobi ya ce ciwon sukari ne. Dariya na yi, na ɗauka tsokanata yake. Ya koya mini yadda zan ɗaga fatar ƙeyarta in soka allurar insulin safe da yamma, da yadda zan tsaga gefen kunnenta in ɗiga jini a na'urar gwaji. Ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: sai ta ci abinci sosai kafin allura, in ba haka ba sukarinta zai faɗi ƙasa, kuma wannan ya fi saurin kisa.

Firjinmu ba shi da amana, don haka maganin yana zama a na maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan da muke kira Hajiya. Ita ma ciwon take da shi. Duk na zo ɗauka sai ta ce, "Yalla, ga likitar mage ta iso. 'Yata, iyayenki sun san wannan karatun kike yi?" Ina jin haushi, amma ina gaishe ta in wuce.

Sai azumi ya zo, gida ya juye. Abokiyar zamana, ɗalibar da muke haya tare, mai neman ladan ciyarwa, ta riƙa tura wa kyanwar guntun kifi lokacin sahur. Wata safiya mage ta lasa abincinta kaɗan ta juya baya. Na ga ai ta ci da asuba, na yi mata allura na tafi aji.

Da na dawo bayan azahar na same ta a bakin banɗaki, tana ƙoƙarin tashi ƙafafunta suna lanƙwashewa, jikinta yana rawa, idanunta a buɗe amma ba ta ganina. Na'ura ta nuna sukarin ya yi ƙasa sosai. Na san abin yi: a shafa mata wani abu mai zaƙi a dasashi. Na buɗe gwangwanin sukari, wayam, ya ƙare tun shayin sahur. Na sungumi kyanwar na buga ƙofar Hajiya da ƙafa, ina kuka kamar yarinya.

Hajiya ba ta tambaye ni komai ba. Kallo ɗaya ta yi mata ta ce, "Na san wannan rawar jikin." Ta kwance bakin mayafinta, inda take ƙulle dabino saboda irin wannan rana in ta zo mata. Busasshe ne, mai tauri kamar dutse. Ta jefa a baki ta hau tauna.

"Hajiya, azuminki!" na ce.

"Wane azumi?" in ji ta, baki cike. "Riƙe mata kai."

Ta ciro taunannen dabinon da yatsa, ta ɗaga leɓen kyanwar, ta shafa a dasashinta a hankali da bisimilla, yadda ake yi wa jariri sabon haihuwa. Ta sake taunawa, ta sake shafawa. Can sai rawar ta lafa. Kyanwar ta motsa harshe, ta ɗago kai, ta harare mu duka biyun. Ban taɓa murnar harara irin ta ranar ba.

A tasi, kan hanyarmu ta zuwa wajen likita, Hajiya ta faɗa mini abin da ban sani ba. Shekaru ke nan da likitoci suka hana ta azumi saboda ciwon. Kullum da rana sai ta rufe ƙofa da taga ta ci abinci a tsaye, cikin kunya, kada ɗalibai masu ilimin addini su gani. "Ma'alish, ba komai," ta ce tana share ido. "Yau dai bakin nan nawa ya yi amfani."

Likita ya rage yawan maganin, abokiyar zamana ta nemi ladanta a wani wurin, kyanwa ta rayu har ta ga wasu watannin azumi. Na yi wa Hajiya godiya har ta gaji ta kore ni, kuma har yau ban ji na gama ba.

Washegarin ranar da abin ya faru, da rana, na sauko da littattafaina, na tarar da ƙofarta a buɗe. Tana zaune a kan kujera da farantin wake a cinya, tana ci a natse, kyanwata a kwance kusa da ƙafarta.

"Wuce abinki, mai azumi," ta ce. "Mu marasa lafiya liyafa muke yi."