Malama Tasneem, takardar ta iso

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, sha biyu ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Tasneem Rathore a asibiti nan Bradford, tana da shekara sittin da ɗaya. Washegari aka kai ta makwancinta.

Malama, ki yi mini afuwa. Na zauna da niyyar kuka, amma zumuɗi ya hana ni, saboda ina da labarin da na ƙagu in ba ki, kuma ba ki tsaya kin ji ba.

Ni ce Dilber, Bakurdiyar nan da ta shigo ajinki shekara huɗu da suka wuce, ba ta san komai a Turanci ba sai "na gode". Ajin ma wane irin aji! Kicin ɗin zauren unguwa ne, tukwane a gabanmu. Duk Alhamis mutum ɗaya zai yi girki, da sharaɗin kada bakinsa ya rufu: ina yanka albasa, jiya na yanka albasa, gobe zan yanka albasa. Da ya yi shiru sai ki kashe murhun. Jadwiga 'yar Poland ta taɓa shafe awa biyu a kan miyar kabeji saboda taurin kai, muna zaune cikinmu yana kuka.

In abinci ya nuna, sai ki ɗora wata tsohuwar hula ki zama mai saye, kuma wallahi ban taɓa ganin mai saye mai fitina irinki ba. "Fam shida? Da zinariya kika dafa?" Mu yi ta kame-kame, ke kuwa ko murmushi babu. Bayan an ci, sai ki jefo tambayar da za ta hana mu tashi: mai saye ya tambaya ko naman yau ne, ke kuma kin san na jiya ne, me za ki ce masa? Tesfalem ɗan Eritiriya ya taɓa ƙosawa ya ce, "Anti, Turanci muka zo koya ko wa'azi?" Kika ce, "Ɗana, wanda zai yi ƙarya ba ya buƙatata, 'lafiya lau' ta ishe shi. Bayanin gaskiya ne yake buƙatar kalmomi da yawa, shi nake koya muku."

Kin san burina ɗaya ne, rumfar abinci a kasuwar Asabar. Bana gurbi ya samu, guda ɗaya tak, kuma shugaban kasuwa ya faɗa mini ƙarara: in duba-gari ba ta amince da kicin ɗina ba, na bayana a layi zai ba. Ranar da za ta zo, na sauko da safe na tarar firij ya mutu, ban san tun yaushe ba. A ciki akwai dolma ɗari uku, ganyen inabi da na kwana biyu ina naɗe wa shinkafa da nama. Na taɓa, babu sanyi ko kaɗan.

Rebin ƙanin mijina ya ce, "Matar yaya, ki kwantar da hankalinki. Mu zuba ƙanƙara, wa zai sani? Ni zan yi magana, ke dai ki yi ta murmushi." Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta karkata. Sai na kira ki a waya, alhali na san kina gadon asibiti. Ban taɓa yin rashin kunya irin wannan ba, kuma ban yi nadama ba.

Kika saurare ni ina kuka ina haɗa Kurdanci da Turanci, sannan kika ce, "Dilber, share hancinki. Ba zan gaya miki abin da za ki yi ba. Ki ba ni labarin daga farko, a hankali, da Turanci." Na faɗa. Kika ce in sake. Sau uku na maimaita, kina gyara mini kina tari. Kafin in kai ƙarshen na ukun na riga na san abin da zan yi.

Na juye dolmar nan kaf a shara, Rebin yana riƙe da kai. Da matar ta iso, na tsaya a gabanta na yi bayani da bakina, tun daga mutuwar firij har zuwa sabon da zan sayo. Ta leƙa kwandon shara, ta duba ko'ina, ta yi rubuce-rubuce, ta ce za ta dawo ta ga sabon firij ɗin. Ta dawo bayan kwana uku, ta duba shi, ta ce in jira takardar sakamako.

Malama, shekaranjiya Laraba takardar ta iso. Maki biyar cikin biyar! Rumfa ta zama tawa! Na fita da gudu da takalmin cikin gida, har na kai tashar bas kafin na tuna ba asibiti zan nufa ba.

Gidanki na je, ana zaman makoki. Malam Javed, mijinki, ya ga takardar ya zauna. Ya ce kullum da safe sai kin tambaye shi ko takardar Dilber ta zo. Ranar Asabar, da ya ga jikin ya yi tsanani, sai ya ce miki ta zo. Kika buɗe ido ɗaya kika ce, "Karanto mini." Shi kuwa babu takarda a hannunsa. Kika yi dariya kika ce, "Shekara talatin da biyar, Javed, har yau ba ka iya ƙarya ba. In ta zo, ka ce ta karanta da kanta, da ƙarfi."

Na miƙe a tsakiyar matan nan na karanta, tun daga sama har ƙasa. Kalma biyu sun gagare ni. Na dakata ina jira, babu wanda ya gyara mini.

Allah ya jiƙanki, Malama, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk kalmar da kika sa a bakinmu ta zama nauyi a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Javed, da 'ya'yanki Samreen da Haroon, da dukkan 'yan ajin Alhamis. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, amin.