Fanka ko Rediyon Mama

Gidanmu na farko bayan aure yana da tayoyi. Karafan ne, irin ɗakin ƙarfen nan da mota ke ja, wanda 'yan kwangilar gina matatar mai suka bari a wajajen Rido da aikinsu ya ƙare. Mijina ya same shi, ya sa aka jawo shi filin wani ɗan cocinmu, ya tokare shi da bulo don kada ya motsa. Ni kam ina son abina. Akwai gado a ƙurya, da benci mai buɗewa ya zama makwanci, da 'yar taga inda nake shanya tsumman kwanuka. Amma a watan Maris, in rana ta take, sai ka rantse a cikin tanda kake.

Mijina gyaran wayar mota yake yi a Kudenda, abin da ake kira riwaya. Mutum ne mai tsabtar aiki har ta yi yawa. Ko igiyar shanya ya gani ta karkace sai ya tsaya ya miƙe ta, ya kuma yi mini bayanin dalili.

Cikina na fari ya tsufa sa'ad da Mama ta aiko daga ƙauyenmu na Filato cewa tana tafe. Za ta ga wurin da idonta. In wurin zama ne, za ta zauna ta yi mini wankan jego a nan. In kuwa gaskiya ne abin da ta ji, wai a cikin mota aka ajiye mata 'ya, to in haɗa kayana mu koma gida har yaro ya yi ƙwari. Na san abin da ke cin mijina. So yake ya riƙe ɗansa tun ranar farko, ba sai an kawo masa shi da haƙora ba.

Wutar gwamnati ba ta iso wajenmu ba, sai ya shiga shiri. Ya samo batirin babbar mota, wanda yake kaiwa caji gareji a bayan babur. Ya haɗa wani akwatin ƙarfe da suke kira inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, don fanka ta samu ta juya. Saura rediyo. Mama ba ta iya yini ba ta ji tashar Jos ba, ta san wa ya rasu, wa ya aurar da 'ya. Cikin ɗakin ƙarfe kuwa rediyo ba ta kama komai, don haka ya kafa doguwar gora a waje, ya ɗaura waya a kanta, ya jawo ta ciki ta zama eriya.

A nan hannun riwaya ya yi halinsa. A mota, duk wayoyi wuri ɗaya ake tattarawa, a naɗe su da tef su zama igiya guda. Haka ya yi wa namu: ta batir, ta fanka, ta eriya, ya naɗe su tsaf kamar kitson amarya, ya bi da su cikin bango daga ƙofa har ƙurya, ya mayar da katako ya ɗaure. Ya kira ni in yaba, na yaba. Ba mu gwada ba, domin rediyon tana hannun mai ita.

Mama ta iso da rediyonta a naɗe cikin zane. Ita mutuniyar dā ce, ba ta haɗa ido da surukinta, ba ta yi masa magana kai tsaye. To ku ƙiyasta wannan kunya a ɗakin da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya manne da bango. Yana tsaye a gabanta za ta juyo gare ni ta ce, "Ki ce masa na same ku lafiya." Shi kuma ya kalli takalminsa ya ce, "Ki ce wa Mama sannu da hanya." Na zama 'yar aike ina zaune a wuri ɗaya.

Da la'asar ya haɗa mata eriya. Jos ta fito tar, kamar mai maganar yana ƙofar ɗaki. Fuskar Mama ta saki. Sai ya kunna fanka, yana ɗan murmushin nan nasa. Nan take rediyo ta ɗauki gurnani kamar injin niƙa. Ya kashe, Jos ta dawo, zufa ma ta dawo. Ya sake kunnawa, gurnani.

Mama ta goge wuya da gefen ɗankwali ta ce, "Ki gaya wa mijinki, ashe a gidan nan zaɓi ake yi. Ko mutum ya sha iska, ko ya san wanda ya mutu." Ba ta kwance jakarta ba. Ta ƙara da cewa ta ji akwai motar Jos ranar Asabar.

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ran Juma'a bai je gareji ba. Ya yi ta dube-dube, can ya jefo wata waya daban ta taga ya haɗa da rediyo, fanka na juyawa, sai ga Jos garau. Ya dafe kai ya ce, "Wutar inbata ce ke shiga eriya. Ni da hannuna na rungume su wuri ɗaya."

Maganin shi ne a raba hanya: wayoyin wuta su zauna a bango, ta eriya ta shigo ta rufi, ta bi silin ta ɗaya ɓangaren. Amma sai da mutum biyu, ɗaya a sama yana turowa, ɗaya a ciki yana ja. Maƙwabta duk sun tafi aiki. Ya hau rufi, ni kuma na ɗaga ƙafa zan taka benci, sai Mama ta damƙe mini zane. "Da wannan cikin? Zauna." Ta gyara ɗamara ta hau da kanta.

Shi bai sani ba. Daga sama sai muka ji, "Ja a hankali, sarkin gaggawa, kada ki tsinka mini waya yadda kika saba!"

Mama ta ce, "Ai a hankali nake ja."

Sai ƙarar filaya tana gangarowa a kan rufi har ta faɗo ƙasa.

"Mama?"

"Turo mana, ɗana, hannuna ya gaji."

Na toshe baki da filo, dariya da hawaye suka zo mini tare. Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa jin ta kira shi haka ba. Suka ci gaba, "Ta fito?" "Saura kaɗan." "Yanzu fa?" "Yawwa, sake ta."

Ya sauko duk tsatsa a gwiwa, ya kunna fanka, ya kunna rediyo. Iska na kaɗa ɗankwalin Mama, ana karanto gaisuwa daga Jos. Ta saurara har aka gama. Sannan ta janyo jakarta ta kwance, ta dube shi, shi ɗin kansa, ta ce, "Ina za mu girka tukunyar wanka? Ba na son kusa da batirin nan naka."

A karafan ɗin aka yi jego, kuma ya riƙe ɗansa tun ranar farko. Wayar eriyar kuwa a karkace ta zauna a silin, yadda Mama ta ja ta. Mutumin da ke miƙe igiyar shanya bai taɓa gyara ta ba har muka tashi daga wurin.